Takardar Talaucin Mbah Tumirah

"Wannan awarwaron na zinariya ne, Mbah?" in ji sakataren dagaci, yana kallon hannunta maimakon fuskarta.

Awarwaron nawa ne. Ni na zura wa Mbah Tumirah, wato Kaka Tumirah a yarenmu, tsohuwar da dangar gora kawai ta raba gidana da nata. A ƙauyenmu ba a zuwa gaban hukuma a wulaƙance, shi ya sa har zanena na biki na ɗaura mata, wai kada a raina ta.

Ɗanta ɗaya tal, Kasirun, ya kwana ashirin a tsare, an ce ya sari itace a dajin kamfani. Wata lauya a birni ta ce za ta tsaya masa kyauta, haƙƙin talaka ne a nan da maƙwabtan ƙasashe. Amma sai an kai mata takardar shaidar talauci mai hatimin dagaci kafin Larabar ƙarshen wata, ranar shari'a.

"Aro ne, Pak," in ji Mbah. Pak shi ne yallaɓai a wajenmu.

"Kowa haka yake cewa. Ga zinariya, ga neman lauyan kyauta? Sai an zo an duba gida."

A hanya ta yi gaba ta bar ni a baya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar tsoro ya hana ta sakat. Ko babur ne ya rage gudu a ƙofar gida sai ta zabura.

"Nduk," ta ce mini, wato 'yata, "an ce in babu lauya, abin da masu tuhumarsa suka rubuta za su miƙa masa ya dangwala. Kasirun ko sunansa bai iya karantawa ba."

"Za su zo duba gidan, Mbah."

"To ajiye tsintsiyar nan. Bar shi yadda yake."

Damina ce, rufinta na yoyo daidai kan gadonta. Mijina ya kawo tsani zai toshe, ta kore shi, ta ce so take su gani da idonsu. Haka ta yi ta kwana a kan jiƙaƙƙiyar tabarma har tari ya kama ta. Sau huɗu ina komawa ofishin, kullum dagaci ya fita. Ni ma na tsorata ƙwarai, don ina jin tarin nan ta cikin danga.

Ran Talata da hantsi na kai mata kunun shinkafa. Na same ta jingine da bango, sanye da rigarta mafi tsufa, fuskarta na kallon ƙofa. Jikinta har ya yi sanyi.

Sakataren ya zo jana'iza. Ya dubi bokitan tarar ruwa, ya sunkuyar da kai.

"Ki zo ran Alhamis ki karɓi takardar."

"Gobe Laraba ce shari'ar, Pak."

Ya juya ya shige cikin masu makoki.

A al'adarmu, kafin a tafi da gawa, 'ya'yan mamaci kan sunkuya su bi ta ƙarƙashin makara sau uku. Maza huɗu suka ɗaga ta a tsakar gida, suka tsaya kamar yadda aka saba. Sun daɗe a tsaye, yayyafi na sauka a kan koren mayafin, babu wanda ya wuce.