Shayin da Ba Ya Hana Barci

Tana cikin girgiza kwalbar madara don ta yi kumfa sai ƙofar falo ta bugi bango, garam! Mijinta ne, direban tirela da abokai ke kira Guduma, goshinsa naɗe da bandeji, ya shaƙo wuyan rigar yayanta yana jan sa kamar buhu. Shekara shida ke nan su biyun suna karɓa-karɓar tuƙi a mota ɗaya.

"Faɗa mata!" Ya wurga shi cikin kicin. "Faɗa wa ƙanwarka abin da ka zuba mini a fulas!"

Yaya ya yunƙura zai tashi. Guduma ya kai masa naushi a baki, jini ya fantsama a jikin firiji.

"Innalillahi! Me ya faru?" ta ce.

"Barci! Ni, da rana tsaka! Mota ta kwanta a rami, kaya sun watse. Shekara ashirin ban taɓa gyangyaɗi a kan sitiyari ba. Kujerata yake so, munafuki!"

Ta waiga. Ga tukunya can a kan murhu tana tururi: jan ganyen shayin royibos, wanda ba ya hana barci, da take dafawa da kauri a ruwa kaɗan, ta sa zuma da ɗan kirfa, ta kwarara madara mai zafi, kumfa a sama. Mako uku ke nan da shi take cika masa fulas maimakon baƙin shayinsa mai ƙarfi, tun ranar da likita ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar abin hana barci ba, shi kuwa gogan ya ce likita ya je ya ji da kansa. In madara ta shiga, wa zai bambance? Har yabo ta sha, wai hannunta ya faɗa. Mutum ɗaya tak ta gaya wa, ga shi nan a ƙasa yana tofar da haƙori.

Guduma ya shure shi a haƙarƙari, ya ƙara, sannan ya fizgo kaskon ƙarfe daga jikin bango. Yaya ya ɗago ya dube ta, ya girgiza kai a hankali, wato ta yi shiru.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta san nauyin hannun nan, ta kuma san kalma ɗaya ta isa ta tsinke igiyar aurenta. Amma kaskon ya riga ya yi sama.

Ta maka kwalbar da ƙasa, tas! Madara ta malale har ƙafarsa.

"Ni ce! Wallahi ni ce. Shayin ne na canza maka, ba ya hana barci. Tsoro nake ji zuciyarka ta tsaya. Ka sake shi, in duka ne ga ni."

Hannun ya tsaya a sama. Guduma ya dubi tukunyar, ya daɗe yana huci, sannan ya juya ga surukinsa.

"Kai ka sani?"

"Na sani," Yaya ya ce da kumburarren baki. "Shi ya sa mako uku ban runtsa ba in kana tuƙi. Ina gefenka, hannuna kusa da sitiyari. Yau ne kawai ido ya ci amanata."

Kaskon ya suɓuce ya faɗi. Guduma ya durƙusa cikin madara da fasasshiyar kwalba, ya tallafo kan mutumin ya ɗora a cinyarsa.

"Kawo ruwan ɗumi da tsumma," ya ce, bai dube ta ba.