Jakar da Ba Ta Magana

Kaka ta kusa ƙarewa tsohona Gombo bai kawo ko zomo gida ba. Kullum da safe sai ya ɗaura sirdi, ya rataya bakansa na ƙaho, ya goya jakar nan da ɗanmu Luvsan ya aiko masa daga babban birni Ulanbatar, da yamma ya dawo hannu na dukan cinya. Mutumin da tun ina amarya ban taɓa rasa naman barewa a tukunya ba!

Rannan ya zauna yana juya shayin madara a kwano, ya ƙi sha.

"Tsohuwa," ya ce, "Mai Dutse ya juya min baya. Ina hango barewa, kafin in kai inda kibiya za ta isa ta ɗaga kai ta arce. In ƙanƙara ta sauko ban sami komai ba, zan kwance tsarkiya."

Mai Dutse shi ne aljanin tsauninmu, mai ba maharbi nama ko ya hana shi. A wajenmu maharbin da dutse ya ƙi, kwance tsarkiyar bakansa yake yi, ya rataye shi can ƙuryar tanti, ba ya ƙara taɓa shi. Na ga yadda ta kasance da babansa. Ya rataye baka, ya zauna bakin murhu yana kallon wuta, bai daɗe ba muka kai shi makwancinsa. Ni kuwa ina son tsohon nan, da taurin kansa da komai, ban shirya zama ni kaɗai ba.

Abin haushin shi ne na san ba ruwan Mai Dutse. Jakar ce. Kyakkyawa ce kam, kore shar, zif ta ko'ina, amma yadin roba ne. Ko kafaɗa ya motsa sai ta ce shaf-shaf kamar akuya ta shiga buhu. Ina cikin tanti nake jin dawowarsa. Shi kuwa ba ya ji, don kunnensa ya daɗe da fara tafiya. Madara ta tafasa ta zube a gefensa bai sani ba, kare ya yi haushi bai waiga ba, sannan wai ni ce na koma magana a ciki. To, wa zai kalli maharbi ya ce masa ya kurmance? Wa kuma zai kushe masa kyautar ɗansa?

Sai na bi ta bayan gida. Na ce, "Tsoho, jakar nan ta birni ce, ƙaya za ta yaga ta, yaron ya zo ya ce ba mu san darajar abu ba. Mu je wajen Yaya Tsevel ka zaɓi ta ulu."

"Kin fara ko? Me jakata ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Tausayinta nake ji."

Ya yi ta mita, amma washegari shi ya fara hawa doki.

Yayata Tsevel ita ke yin jakunkunan maharban kwarinmu. Ulun kaka take bugawa ta jiƙa, a naɗe shi a gungume doki ya yi ta ja har ya danne ya yi tauri, sannan ta ɗinka da zaren gashin raƙumi. Mijinta Choijil kuwa bakinsa ba linzami. Tun daga nesa ya fara: "A'a, ga sarkin baka da jakar 'yan makaranta! Ina littattafan naka?"

Muka sha nonon goɗiya, Yaya ta fito da jakunkuna ta baje a ciyawa. Gombo ya ɗaga wannan ya shinshina, ya ja ɗinkin waccan, ya cusa hannu ya ga ko za ta ɗauki cinyar barewa. Ina cikin murna sai na ji Choijil ya ce, "To, je ka zauna, mu ji wadda ke magana."

Af! Na manta da gwajin sarai. Ba a sayen jakar farauta da ido. Maharbi yakan zauna ya ba kurmin bakin rafi baya, wani ya goya jakar ya ratso ta cikin rassa, da zarar ya ji motsi sai ya yi ihu. Wadda ta iso har bayansa bai ji ba, ita ce tasa. Yanzu fa duk jakar da aka goya za ta iso, kuma Choijil ba wawa ba ne. Kafin sati duk kwarin ya san Gombo ya zama kurma.

Gombo ya je ya zauna kan kututture, wuyansa a sandare. Na ɗauki kwanona na bi shi, na zauna daf da shi.

"Ke kuma fa?" in ji Yaya. "Tare za ku harba?"

"Ƙafata ke ciwo, Yaya, nan ne da rana."

Choijil ya goya ta farko, wata fara mai maɓallan ƙaho. Yana tsakiyar kurmi na ji ƙwas, maɓalli ya bugi reshe. Na sa hannu ƙarƙashin rigar Gombo na mintsine shi a cinya. Ya juyo ya harare ni, na zare masa ido. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ho!"

"Kai, wannan kunne naka!" Choijil ya ce. "Ko kwarkwata ta yi tari sai ka ji."

Ta biyu igiyoyinta sabuwar fata ce, tana kuka ƙiƙi-ƙiƙi. Na sake mintsini, ya sake ihu, wannan karon bai ko dube ni ba. Sai aka zo kan wata toka-toka mara ado, wadda Yaya ta ce ulun tsohuwar tunkiya ne, bakinta ma da igiyar ulu ake zuge shi. Na kasa kunne har na daina numfashi. Ina jin rafi, ina jin hankaka can nesa, jaka kuwa shiru. Ban ankara ba sai hannun Choijil a kafaɗar Gombo.

"Ita ce," Gombo ya ce. Ya ɗora ta a cinya yana shafawa.

Da a nan aka tsaya da na gode. Amma Choijil sai da ya ce, "Dakata, saura ta 'yan makaranta, kar a ce mun yi mata rashin adalci." Ya fizgi koriyar ya tafi yana dariya.

Bai jima ba na jiyo ta, shaf-shaf, shaf-shaf. Yaya ta riga ta fara toshe baki. Na dubi Gombo, yana zaune lafiya lau yana kallon dawaki, bai san ana yi ba. In na yi shiru, ya sha kunya gaban surukai. In na taɓa shi yanzu, zai waiga ya gani da idonsa. Na mintsine shi.

"Ho!" Ya juya. Choijil yana can ƙetaren rafi, ko kurmin bai shigo ba, nisan da ko an harba kibiya sau biyu a jere ba za a kai ba. Gombo ya daɗe yana kallon wannan tazarar. Kowa na dariya, shi ma ya yi ta dole.

A hanyar gida, da muka haye tudu, sai ya waigo. Sabuwar jakar na bayansa, koriyar a ɗaure a sirdina tana ta surutunta.

"Tun daga can ake jin ta?" ya ce.

"Tun daga can, tsoho."

"Duk kakar nan?"

Na gyaɗa kai.

"Ashe dutse bai ƙi ni ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Ke kuma tun yaushe kika sani?"

Na matso da dokina na ɗaga murya. "Tun kafin kai ka sani."

"Muguwa. Kin bar min cinya duk shaida." Sannan ya ce, "Jaka ta daina magana, amma ni ma ba na jin barewa. Ba na jin reshe in ya karye ƙarƙashin ƙafata. Idona dai yana nan, hannuna yana nan."

Na ɗauka maganar tsarkiya zai sake kawowa, har na buɗe baki zan fara masifa. Sai ya juyo, idonsa jajir.

"Gobe ki sa takalminki na ulu, ki bar 'yan kunnen nan masu ƙara a gida. Za ki bi ni a baya. Amma ki rage ƙarfin hannu, tsohuwa, taɓawa kawai ta isa."