Hannun Aro

Aikin da Malama ta ba su a wannan zangon ba wani abin tashin hankali ba ne: kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a, ya tsara mata tallar talabijin ta daƙiƙa talatin, ya ɗauka, ya tace, ya miƙa. 'Yan ajin suka yi caa a kan sabulu da turare, kamar duk duniya ba a sayar da komai sai ƙamshi. Auta kuwa ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta rubuta shagon gyaran agogo na mahaifinta.

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai yankan makulli. Shekara talatin da ɗoriya Baba yana zaune a wurin, gilashi a maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannu. Da ta faɗa masa, sai ya hau fara'a kamar an ce gobe za a nuna shi a labarai. Ta yi bayani har ta gaji cewa aikin makaranta ne, Malama kaɗai za ta gani. Ya ce ya ji, ya gane sarai, sannan ya leƙa ya shaida wa mai yankan makulli cewa zai fito a talabijin.

Ta zana tsarin a takarda, akwati shida. Na farko ƙofar shago, na biyu agogunan bango, na uku fuskarsa. Na huɗu shi ne zuciyar tallar: kyamara ta matso kusa, ba a ganin komai sai yatsunsa suna ɗora wani ɗan mitsitsin sukuru a cikin agogo. Ranar ɗauka Baba ya zo da rigar da Umma ta goge masa har tana ƙyalli, ya hana kowa wucewa ta gaban shagon. Sau bakwai suka maimaita akwati na huɗu kafin sukurun ya zauna, yana ta ɗora laifin a kan zafin fitilar da ta kawo. A ɗan allon kyamarar ba ta lura da komai ba.

Sai a ɗakin tacewa na makaranta, da hoton ya cika babban allo, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Hannun Baba rawa yake yi. Bakin hantsakin yana zagaye ramin sukurun, ya zo ya wuce, ya dawo ya wuce, sai ɗayan hannun ya lallaɓo ya danne wuyan wannan hannun a kan tebur. Yadda ya danne shi ɗin ne ya fi tsaya mata a rai, domin ba yau ya fara ba, hannun ya riga ya saba. Nan take ta tuna kofin shayin da yanzu ba ya yarda a cika masa, da yadda ya daina sa riga mai maɓalli sai Umma na kusa. Ta ji kunyar kanta, tana kwana gida ɗaya da mutum amma sai da na'ura ta nuna mata.

Malama ta tsaya a bayanta ta kalla. Ba muguwa ba ce, ita dai talla ta sani. Ta ce wannan ba matsala ba ce, a harkar talla kullum ana yi: fuska ta wani, hannu na wani, ba mai ganewa. A nemo hannun aro kawai.

Auta ta kama wannan shawara hannu bibbiyu, tana ganin rufin asiri ne. Ta sami Yaya, wanta, wanda ya koyi aikin a gaban Baba tun yana ƙarami kafin ya watsar ya koma tuƙin motar kamfani. Da ta nuna masa hoton a waya, ya yarda zai ara mata hannunsa. Ran Lahadi da rana, shago a kulle, suka ɗauki makullin da rigar nan a ɓoye. Ɗauka ɗaya Yaya ya yi, sukurun ya zauna ɗas. Ba wanda ya yi murna a cikinsu.

Ta so ta miƙa aikin shiru, amma ina. Baba ya matsa lamba sai ya gani, kullum da tambayar da zai tarbe ta da ita. Wata la'asar ta ɗora kwamfutar a kan teburin shagon, ya kira maƙwabtan nasa biyu suka cunkusu a ƙofa. Daƙiƙa talatin ta wuce kamar ƙiftawar ido. Mai gyaran waya ya tafa, ya ce wallahi tsohon nan har yanzu hannunsa na yaro ne. Baba ya yi murmushi, ya amsa musu barkwancinsu ɗaya bayan ɗaya, har suka koma bakin aikinsu.

Sannan ya ce ta sake kunnawa. Da aka zo kan yatsun ya ce ta tsayar.

“Wannan riƙon ni na koya masa,” in ji shi. “Har yanzu yana ɗaga ƙaramin yatsa. Na yi faɗa har na gaji.”

Ta fara kame-kame, tana cewa haske ne bai yi kyau ba a na farko, kuma Malama ce ta ce haka ake yi. Bai katse ta ba, ya bari ta ƙare da kanta. Tambaya ɗaya ya yi, ko Ummanta ta sani. Ta ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya ce shi a zatonsa ba wanda ya sani, har yana yaba wa kansa dabara.

“Nuna mini nawa, Auta.”

“Baba, ai na goge.”

“Ba ki goge ba. Nuna mini.”

Ta buɗe masa. Ya gyara zama ya kalli ɗauka bakwai ɗin nan daga farko har ƙarshe, bai ɗauke ido ba ko sau ɗaya, irin kallon da yake wa agogon da aka kawo masa don ya gano inda ya lalace. Ita ce ta kasa, ta juya tana kallon bango, hawaye na zuba, tana jin da ma sabulu ta zaɓa kamar kowa.

Da hoton ya ƙare ya ce daga ciki bai san ya kai haka ba. Ya ce ta miƙa wa Malama na yayanta, ya fi kyau, kada ta ɓata makinta. Sai ya jawo aljihun tebur, ya fito da agogunan mutane da ke jiran gyara, guda tara, kowanne da 'yar takarda mai lambar waya a ɗaure. Ya jera su a gabanta a hankali, da hannu biyu.

“Kira su ɗaya bayan ɗaya, ki ce su zo su karɓa,” ya ce. “Idan sun tambayi dalili, ki ba ni wayar. Ni zan faɗa musu da bakina.”