Miyar Wirat

Tun da ƙanjamau ta kashe Wirat, ba wanda ya ƙara sa hannu a kwandon shinkafar uwarsa, Buaphan. Ita ta yi jinyarsa, sai gari ya ɗauka cutar ta maƙale a yatsunta. Malamar asibiti ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe, cewa ba a ɗaukar cutar ta abinci. Aka ce to, aka ci gaba da gudu.

Gudun bai dame ta ba kamar yunwar Wirat. Kowa ya san mamaci ba ya samun komai sai abin da sufayen haikalin Buddha suka ci da sunansa. Takan yi mafarkinsa zaune kan reshen mangwaro, cikinsa fayau kamar kwalba, har ana hango ganye ta ciki.

Ranar ciyar da matattu ta kakkaɓo ƙwan jan tururuwa daga mangwaron nan, suna ta cizonta, ta yi miyar tohon gora da ƙwan yadda yake so, ta kai haikali.

Lamduan, mai jera wa sufaye abinci, ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Da bakin zane ta karɓi kwanon.

"Lamduan, zafi gare shi?"

"Haba Yaya, ke ma dai. Tire ne ya cika."

"Tiren da ya ɗauki ruɓaɓɓen kifin gidan Samruai? Ɗora mini. Ko cokali ɗaya babban sufi ya kai baki."

"Tsoho ne, Yaya. In wani abu ya same shi, ni za a tsine wa."

"Yaron nan da kika goya fa, bai ci komai ba tun da ya tafi."

Lamduan ta sunkuyar da kai, ta zagaya bayan madafa da kwanon.

Da aka fara addu'a, Buaphan ta bi sawunta. Ga miyar an juye a gindin ayaba, wani gurgun karen haikali yana lasa. Gashinsa ja-ja, launin mayafin sufaye sak.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta durƙusa.

"Ai kai ma nan kake kwana kamar sufaye," ta ce. "Kullum kana jin karatun."

Ta tsiyaya ruwan da ake zuba wa matattu a ƙasa, ta kira sunan ɗanta. Ta dunƙula shinkafa, ta ajiye gaban karen da hannu biyu.

"A hankali, Wirat. Akwai ƙari."