Yadda Yaran Lahodu Suka Kori Bidi

Ni tun farko ban so ba. Dokina ne, Bidi, mi ya haɗa shi da makarantar boko? Amma Sadiya ɗiyar ƙanwata ce, malamar aji uku a nan Lahodu, kuma in ta nace sai ka gaji.

"Kawu, yaran nan suna karatu kamar rediyo, amma ka tambaye su mi suka karanta, sai su zuba maka ido. Ka ara mini shi hantsi ɗaya."

Hedimasta kuwa ya ce in aka yi ɓarna, ita da fitar da yara waje har abada.

Na ɗaure Bidi gindin darbejiya. Sadiya ta jingina allo, ta rubuta: "Doki ba ya son hayaniya. Kada ka tsaya bayansa. Ka zo ta gefe a hankali, da harawa a hannunka." Ta ce su karanta.

Wayyo Allah! Ka san yadda suka saba, baki ɗaya, kowa na son a ji tashi ta fi. Suka kwashe da iya ƙarfinsu: "DOKI BA YA SON HAYANIYA!"

Bidi ya miƙe tsaye, ya tsinke igiya, ya yi gabas. Bai tsaya ba sai bakin gonar albasar Lauwali, mutumin da ko akuya ta leƙa masa gona sai an je gaban mai gari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tattare riga zan bi shi, Sadiya ta tare ni.

"Kawu, don Allah dakata." Ta juya ga yaran. "Ku sake karantawa, amma cikin zuci. Mi allon ya ce?"

Tsit. Sai leɓuna ke motsi. Can wata 'yar firit mai suna Kyauta ta dafe baki.

"Lah! Malama, ashe mu muka kore shi."

Dariya ta taso musu, suka danne ta da tafin hannu. Kowa ya yagi harawa daga damin da na kawo. Suka nufi gona saɗaf-saɗaf, har wani ya cire takalmi. Wani yaro Nasrullahi ya so zagayawa ta bayan Bidi, Kyauta ta jawo shi da riga tana nuna masa can inda allon yake. Wallahi ban taɓa ganin yaran garin nan shiru haka ba, ko a masallaci.

Bidi ya dubi albasa, ya dubi harawa. Ya hura hanci, ya tako wajensu. Daɗi ya kama ni har na manta da igiyata da ta tsinke.

Suna rako shi, Kyauta ta matso kusa da Sadiya, ta yi mata raɗa:

"Malama, gobe ki rubuta muna yadda ake hawa."