Jatau Ya Mutu Sau Biyu

Duk wanda ya yi wayo a Birnin Kudu a shekarun da suka biyo bayan babban fari ya san muryar Ɗan'azumi mai majigi. Gajere ne siriri, ba wanda zai waiwaye shi a kasuwa. Amma in ya riƙe lasifika ya tsaya gefen farin ƙyalle, sai ka rantse Turawan cikin fim Hausa suke yi. Turancinsa bai wuce na 'yan firamare ba. Abin da ya ji ya fassara, abin da bai ji ba ya cike da nasa, kuma nasan ya fi daɗi.

Fim guda ne ya ɗaga shi. Labarin wasu halittu ne masu jikin ƙarfe da suka sauko daga wata tauraruwa cikin jirgi mai kama da kifaffiyar ƙwarya, suka zuƙe ruwan duniya kaf, koguna da rijiyoyi har da na cikin girgije. Wani dogon Bature mai tabo a goshi ya bi su har gidansu ya ƙwato ruwan. Sunansa na cikin fim ya gagari harshen kowa, Ɗan'azumi ya raɗa masa Jatau. Mutanen da ba su daɗe da ganin shanunsu suna zubewa a bakin busasshiyar rijiya ba, in aka zo wurin da ruwa ke kecewa a ƙarshen fim, har dattawa sai ka ga suna share ido da bakin riga. Direbobi suka zana Jatau a bayan motocinsu.

A lokacin Ɗan'azumi yaron wani ne. Da ya ga yadda ake cika, sai ya sayar da gonar gadonsa ta Surko, ya sayi majigin da injin wuta da wata tsohuwar mota. Matarsa Tani ta yi magana har ta gaji. Daga nan abubuwa suka ƙi, don an riga an mayar da fim ɗin Jatau Kano. Ya kawo fim ɗin kaboyi, ya kawo na Indiya, mutane su leƙo su tambaya, “Akwai Jatau?” In ya ce babu, su juya. Rumbu ya yi ƙasa, har Tani ta fara kai kwanukan aurenta kasuwa ba tare da ta gaya masa ba.

Ana cikin haka Alhaji Abdulsalami, mai ba da hayar finafinai a Kano, ya aiko cewa kashi na biyu na Jatau ya iso. Ɗan'azumi ya je ya durƙusa har Alhajin ya yarda ya ba shi na 'yan kwanaki, da sharaɗin in wani abu ya sami fim ɗin, majigi da inji da mota ne a madadinsa. Bazara ta riga ta yi nisa, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Da zarar ruwa ya sauka, ba sauran kallo a fili sai kaka.

Gwangwanayen fim ɗin ba su iso ba sai da la'asar, saboda haka bai sami damar dubawa ba. Bayan isha'i filin da aka kewaye da zana ya cika maƙil, wasu suna bisa bishiya. Abokinsa Maikano, wanda ke tuƙa motar yana kuma juya majigin, ya kunna. Da Jatau ya bayyana, ihu ya tashi har ba a jin lasifika.

Naɗin fim na farko ya tafi daidai. A tsakiyar na biyu halittun suka dawo, suka ritsa Jatau a cikin jirginsa. Ɗan'azumi ya ɗaga murya, “Ku sa ido, jama'a! Yanzu zai nuna musu!” Sai jirgin ya tarwatse. Aka nuna hularsa tana yawo ita kaɗai cikin duhun sama, aka nuna mutanensa sanye da baƙaƙen kaya suna kuka.

Ɗan'azumi ya ji kansa yana cewa, “Jatau ya rasu.”

Sauran fim ɗin ba wanda ya saurara. Wasu tsofaffin Turawa ne zaune a ɗaki suna ta surutu, sai wani saurayi marar gashin baki da aka ba rigar Jatau ta yi masa yawa. Har aka ƙare ruwan yana hannun halittun.

“Wannan ba Jatau ba ne! An cuce mu!”

“Kai ka kashe shi da bakinka, Ɗan'azumi!”

Wani mahauci ya hau benci yana rantsuwa cewa an yanke ƙarshen fim ɗin an ɓoye. Wani malamin makaranta ya ce ai haka Turawa suke yi don a jira na uku, aka yi masa ca. Takalma suka fara tashi, sai hoge. Aka ture zana, aka keta ƙyallen tun daga sama har ƙasa. Da ƙyar Maikano ya rungume majigin ya shige ƙarƙashin mota.

Washegari da safe Tani ta zauna a tsakar gida tana ɗinke ƙyallen da zaren buhu. Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, ka mayar wa Alhaji kayansa tun suna lafiya.”

“Gobe kasuwa ce a Gwaram. Can ba su ji ba tukuna.”

“Za su gani da idonsu.”

“Da idonsu za su gani, amma da bakina za su ji,” in ji shi. “In na mayar yau, me za mu ci har kaka, Tani? Gaya mini.”

Ta ciji zaren ta miƙa masa ƙyallen.

A hanya motar ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. Suna tura ta a wani hawa Ɗan'azumi ya gaya wa Maikano dabararsa: zai ce Jatau ya dire kafin jirgin ya fashe, ya ɓuya ne yana shiri.

Maikano ya tsaya yana haki. “To in an kai ƙarshe bai fito ba fa?”

“Mu kai ƙarshen tukuna.”

Suna kafa zana a Gwaram wata tsohuwa ta zo ta aje tiren dafaffiyar gyaɗa a bakin ƙofa. Dada ce, Bafillatana daga wajen Farin Dutse. Kowa ya san ɗanta ɗaya ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, yaƙi ya ƙare, bai dawo ba, ba kuma wanda ya zo ya ce ya ga gawarsa. Da aka kawo Jatau na farko, kullum tana nan a bakin ƙofa, wai tafiyarsa irin ta ɗanta ce.

“Ɗan nan, ka kawo mana shi?”

“Na kawo shi, Dada.”

“Wani direba ya ce a kasuwa wai ya mutu.” Ta kafe shi da ido. “Na ce ƙarya yake. Irinsu ba sa mutuwa haka nan, ɓacewa suke yi su dawo. Ko ba haka ba?”

Ɗan'azumi ya dubi igiyar da ke hannunsa. “Haka ne, Dada. Zai dawo.”

Ta cika masa aljihu da gyaɗa, ta ƙi karɓar komai.

Taron Gwaram ya fi na Birnin Kudu, don 'yan kasuwa da yawa sun fasa komawa gida. Iska mai ɗumi tana kaɗa ƙyallen, ɗinkin Tani ya raba fuskar kowane Bature gida biyu. Da jirgin ya tarwatse, wurin ya yi tsit. Ɗan'azumi ya yi dariya da ƙarfi a lasifika.

“Kun tsorata ko? Jatau ne fa! Ya dire ta ƙofar baya. Waɗannan masu kuka ba su sani ba, ni da ku ne kaɗai muka sani!”

Aka yi shewa. Daga nan ya shiga aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Tsofaffin Turawa suna surutu, ya ce saƙon Jatau suke karantawa. Saurayin nan ya dubi sama, ya ce Jatau yake hange. Duk ƙofar da aka buɗe a fim sai mutane su miƙe, su koma su zauna. Gumi ya jiƙa rigarsa, muryarsa ta fara dushewa. Yana ganin naɗin ƙarshe yana ƙanƙancewa a kan majigi, ba shi da yadda zai tsayar da shi.

Rubutu ya hau, ƙyallen ya yi fari fat.

Ba wanda ya tashi. Ba ihu, ba jifa. Daruruwan mutane suna zaune sun zuba wa farin ƙyalle ido suna jira. Ya hango Dada ta bar tirenta ta matso har gaba, ta tsuguna cikin yara. Da jifa suka yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya sunkuya wurin Maikano. “Mayar da naɗin farko.”

“Ka haukace? Ban ma gama juya shi ba.”

“Juya da hannu. Maikano, don girman Allah.”

Ya koma ga lasifika ya cika wurin da surutu, yana yi wa Jatau kirari, har Maikano ya ɗora naɗin a gaggauce. Haske ya dawo. Ga Jatau yana saukowa daga matakala, da tabonsa, da murmushinsa.

“Ga shi nan! Ban gaya muku ba?”

Filin ya ɗauka. Maza suka rungumi juna, huluna suka tashi sama. Dada ta ɗaga hannu biyu tana faɗin wani suna da ba Jatau ba. Na ɗan lokaci Ɗan'azumi ya ɗauka ya tsira.

Sai wani mai sayar da fata ya ce daga tsakiya, “Tsaya. Wannan karen ai mun gan shi ɗazu.” Wani ya ce, “Wallahi, ga matar nan ma da ta ba shi shayi.” Magana ta bazu kamar an watsa ruwa. Direban nan na kasuwa ya miƙe, “Na gaya muku! A Birnin Kudu shi da bakinsa ya ce ya rasu!”

A daidai nan fim ɗin da aka naɗa a karkace ya sarƙe. Hoton ya tsaya cak a kan fuskar Jatau. Wani ɗigo mai ruwan ƙasa ya fito a kumatunsa, ya buɗe, ya cinye ido da hanci, fuskar ta narke a gaban kowa. Dada ta yi wata ƙara da Ɗan'azumi bai manta ba har ya tsufa.

Jama'a suka yo gaba. Ba su ma kai gare shi ba teburin majigin ya kife, gwangwanaye suka buɗe, fim ya warware ƙarƙashin ƙafafu. Yana rarrafe yana tattarawa yana roƙo, “Ku taka ni, kada ku taka shi! Ba nawa ba ne!” Iskar da ke ta kaɗawa ta juye guguwa, ta ɗauke ƙyallen, ruwan farko na shekarar ya kece. Shi ya watsa taron. Manoma suka ruga gida suna kabbara, don gobe shuka. Aka bar shi durƙushe cikin taɓo da tarin baƙin zare a ƙirji.

Da gari ya waye ya nemi inda Dada ta kwana, gidan wata 'yar'uwarta a bayan kasuwa. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki. Muryarsa ta tafi, sai raɗa.

“Dada, ki yafe mini.”

Dada ta ɗago ta dube shi. “Tun da rana ka sani?”

“Na sani.”

“Da ka gaya mini, da na yi kukana a gida.” Ta jawo mayafi ta rufe kai. “Je ka, ɗan nan. Allah ya yafe mana.”

Alhaji Abdulsalami bai yi faɗa ba. Ya ɗaga fim ɗin da yatsa biyu, taɓo yana ɗiga, ya sa yaransa suka shigar da majigi da injin, ya karɓi makullin mota. Maikano ya sami wata motar itace ya bi. Ɗan'azumi ya kasa komawa Birnin Kudu. Ya aika wa Tani cewa ta tafi gidansu a Wurno, shi kuma ya shiga cikin leburori, don a shekarun nan ko'ina a Kano gini ake yi. Ya yini yana hawa da kwanon kankare a ka, ya kwana a wani shago da ba a sa wa ƙofa ba a unguwar Kurna. Muryar ta dawo a hankali, amma ba kamar da ba. Abokan aikinsa sun ɗauka shi mutum ne marar magana.

Bayan an yi girbi, wata ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da Tani zaune a bakin shagon. A motar gyaɗa ta zo, da tabarma da tukunya da ɗan buhun gero da babanta ya ba ta. Ta rame, shi ma ya rame.

Ta leƙa cikin shagon, ta dubi rufin, ta dubi inda ya kamata ƙofa ta kasance.

“Sai a nemo buhu a rataya a nan,” ta ce. “A ina kuke ɗiban ruwa?”

Ya ɗauki bokiti ya wuce gaba, ta bi shi.