Ranar da Kawu Ya Ba Motata Kanwa

Shekarar da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙauye, ni ma na sayi tsohuwar Fijo akori-kura, ina ɗaukar hatsi daga Tafoki zuwa kasuwar Sabuwa. A shekarar ne kuma mahaifiyata, Inna Mairo, ta samu kujerar Makka. Tun ina goye take tara awaki don tafiyar nan. Aka ce motar maniyyata za ta tashi daga Ƙanƙara bayan azahar, wanda bai zo ba sai baɗi, in da rai. Inna kuwa ta tsufa, ba wanda ke mata alkawarin baɗi.

Muka fito da hantsi, Inna a gaba da akwatinta, ƙanenta Kawu Nata'ala a baya. Mun wuce Sheme kenan, allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe gilashi. Na gangara gefe na buɗe bonet. Tiyon sama na lagireto ya tsage daidai bakin kilif, wani jan ruwa mai kumfa yana tsiyaya. Na dangwala na ɗanɗana. Kanwa ce, har da ɗacinta.

"Kawu, wa ya taɓa mani mota?"

"Ni ne. Da asuba na jiƙa mata kanwa," in ji shi, hankali kwance. "Ina ka taɓa ganin an kama doguwar tahiya da dabba ba a wanke mata ciki ba?"

Mutumin nan duk rayuwarsa da shanun noma ya yi ta. Ya ga ina ba mota ruwa kullum, sai ya ɗauka sa ne mai taya. Kanwar ta wanke cikin kuwa, ta kwashe tsatsar da ke riƙe da bakin tsohon tiyon. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Da sa'ana ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba, amma kawu kawu ne, sai na haɗiye na koma zagin tiyo.

Inna kuwa carbinta kawai take ja. Natsuwar nan tata ta fi komai tayar mani da hankali.

Na jira inji ya huce, don wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi ya sayi ƙuna da kansa. Na kwance kilif, sai ya ɓare gida biyu a hannuna. Na yanke tsagaggen bakin tiyon da wuƙar Kawu, na tura sauran ya shiga da ƙyar. To, da me zan ɗaure? Ruwa kuma duk ya zube.

Wani manomi da ke yankan dawa a gefen hanya ya ƙaraso. Tanimu sunansa, Bamaguje ne daga wata unguwa can bayan dutse. Ya leƙa inji, ya leƙa Inna.

"Baba ina za ta?"

"Makka," na ce, "in mota ta yarda."

Nan take ya kwantar da kekensa, ya zare robar cikin taya, ya tsaga ta sili-sili ya miƙo mani. Na ce ai ƙasa za ka taka zuwa gida. Ya ce gidansa na nan inda ya bar shi.

Na naɗe bakin tiyon tamau da robar, na bi da wani guntun waya da na tsinta a cikin mota. Tanimu ya ɗauko tulunsa daga inuwar ɗorawa muka juye, bai kai ba. Inna ta miƙo butar alwalarta ta taga.

"Zuba. Ni na yi taimama, ita ba ta iya ba."

Na bar murfin sako-sako don kada iska ta matsa ɗaurin, muka kama hanya a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ido ɗaya a titi, ɗaya a allura. Duk rijiyar da muka gani sai na tsaya, Kawu ya dira da buta a guje, ba wanda ya aike shi.

Muna shiga Ƙanƙara ana sallame sallah. Motar maniyyata har ta kunna, yaran mota na ɗaure tamfol. Na danna oda ban saki ba sai da direban ya leƙo. Aka jefa akwati sama, aka kama hannun Inna aka tura ta ciki, mota ta ja.

Sai a lokacin na tuna ko gafara ban nema ba. Na bi motar da gudu, hannuwana baƙi ƙirin. Inna ta leƙo ta taga.

"Lawwali, na yahe maka duniya da lahira. Kar ka yi wa kawunka faɗa."

Na tsaya a tsakiyar titi har motar ta sha kwana. Sai na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba, mutane suna ratse ni.